Filin Gyaran Turanci: "Demote", Rage Muƙami Ne Ko Kora?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa, a sashen sito. Ranar Litinin aka kira ni ofishin kula da ma'aikata, aka miƙo mini takarda. Jimlar da ta tsaya mini a rai ita ce: "Following the findings of the panel, you are hereby demoted from Senior Storekeeper to Storekeeper with effect from the first of next month." Wani abokin aikina ya ce wannan kora ce aka yi mini cikin ladabi, wai in fara neman wani aikin tun da wuri. Wani kuma ya ce dakatarwa ce. Tun ranar ban yi barcin kirki ba, ina da iyali. Don Allah mece ce ainihin ma'anar wannan kalma ta demoted? Daga wani ma'aikaci da ya nemi a sakaya sunansa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka. Ba a kore ka ba, ba a kuma dakatar da kai ba. Abin da takardar nan take faɗa shi ne an rage maka muƙami. Daga ɗaya ga watan gobe ka tashi daga babban jami'in sito ka koma jami'in sito. Za ka ci gaba da zuwa aiki kamar kullum, kuma sunanka yana nan cikin masu karɓar albashi. Na san wannan ma ba labari ne mai daɗin ji ba, Allah ya ba ka haƙuri. Amma da tazara mai yawa tsakanin wanda aka sauko da shi mataki ɗaya da wanda aka ce ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya bar wurin. Abokin aikinka da ya haɗa su ya ɗora maka damuwar da ba taka ba.

Demote aikatau ce, ma'anarta a sauke mutum daga matsayin da yake a mai da shi wani na ƙasa da shi, a cikin ma'aikata ɗaya ko tsari ɗaya. Ka ƙaddara tsani ne aka jingina da bango. Wanda aka yi wa promote an ce ya hau matakalar gaba. Wanda aka yi wa demote an ce ya sauko ta baya. Su biyun duka ƙafarsu na kan tsani. Korarre shi ne wanda aka dire ƙasa, aka ɗauke tsanin gaba ɗaya.

Ba banza na jera kalmomin nan biyu ba, don ɗayar daga ɗayar aka ƙera ta. Promote tsohuwa ce, tana cikin Turanci tun ƙarni na 14, kuma asalinta Latin: pro, wato gaba, da movere, wato motsawa. Demote kuwa yarinya ce idan aka kwatanta. Amurkawa ne suka samar da ita a ƙarshen ƙarni na 19: suka cire ɗafa-goshin pro, suka maƙala de, wanda ke nuna gangarowa ko warware abin da aka ƙulla, kamar yadda yake a descend da decrease da devalue. Saboda haka duk abin da ka iya yi da promote, za ka iya yi da demote: promoted da demoted, promoting da demoting, promotion da demotion. Wajen furuci, nauyin yana kan gaɓa ta biyu, di-MOUT, kuma wasalin ƙarshen ba a faɗar sa. Demoted gaɓa uku ce, di-MOU-tid.

Da korarka suke nufi, da kalmomin da za ka gani daban ne. A takardar ofis sukan rubuta dismissed, ko su ce "your appointment is terminated". A baki kuwa 'yan Birtaniya sun fi cewa sacked, Amurkawa su ce fired. Idan ba laifi mutum ya yi ba, aikin ne ya ragu ko kamfani ya tsuke bakin aljihu, sai ka ji laid off ko made redundant. Dakatarwa ita ce suspended, wato ka zauna a gida na wani lokaci, muƙaminka na jiran ka ko yana jiran sakamakon bincike. Canjin wurin aiki ko sashe kuma transferred ne ko redeployed, waɗannan gefe ake matsar da mutum, ba ƙasa ba. Ko ɗaya daga cikinsu babu a jimlar da ka aiko.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Wannan kalma ba ta aukuwa da kanta, dole akwai wanda ya yanke shawara: shugaba, kwamiti ko hukumar gudanarwa. Takardarka ma ta faɗa da bakinta, "following the findings of the panel", wato bisa abin da kwamiti ya gano. Hukuncin da mutane suka zauna suka yanke kuwa ana iya tambayar dalilinsa, ana iya roƙon a sake duba shi. Sannan akwai abin da kalmar ba ta faɗa ba: ba ta ce komai game da albashi ba. Galibi idan muƙami ya sauka albashi kan bi shi, amma ba kalmar ce ke yanke wannan ba, sharuɗɗan aikinka ne. Ka koma ka karanta takardar daga sama har ƙasa, ka nemi inda aka ambaci salary, ko allowances, ko grade, ko appeal. In ba ka gani ba, ka rubuta musu cikin ladabi: "I write to request the reasons for my demotion and its effect on my salary and allowances." Idan kana ganin an zalunce ka, jimlar ita ce: "I wish to appeal against my demotion." Haka ake faɗa a Turancin Birtaniya, Amurkawa sukan yar da against ɗin su ce "appeal my demotion".

Ka nemo takardar da ka sa wa hannu ranar da aka ɗauke ka aiki, da littafin ƙa'idojin ma'aikata in akwai. Dokokin ƙwadago sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya, misali, idan mai kamfani ya rage wa ma'aikaci muƙami alhali yarjejeniyar aiki ba ta ba shi wannan iko ba, ana iya ɗaukar hakan a matsayin saɓa yarjejeniya, har ma'aikacin ya ajiye aiki ya kai ƙara a kan cewa tilasta masa tafiya aka yi, abin da suke kira constructive dismissal. Ban kawo wannan don ka ajiye aiki ba, kada ka yi gaggawa ko kaɗan. Na kawo ne don ka ga cewa rage muƙami al'amari ne mai ƙa'ida, ba abin da shugaba ke yi don ya tashi da fushi ba. Ka tuntuɓi wakilin ƙungiyar ma'aikata ko lauya kafin ka sa hannu a kan wata sabuwar takarda.

Abu ɗaya zan yaba wa waɗanda suka rubuto maka: sun kira abin da sunansa. Na sha karanta takardun da ake kewaye-kewaye, a ce "your role has been restructured" ko "you have been reassigned to a more suitable position", mutum ya tafi gida yana murna, sai ƙarshen wata ya ga albashi ya zabge sannan ya gane abin da aka yi masa. Ni a wurina wannan ba tausayi ba ne. Wanda aka gaya wa gaskiya ya san inda zai dosa.

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Ni sakatariya ce a wata makaranta mai zaman kanta. Shugabana ya sa in rubuta sanarwa game da wani malami da aka sauke daga shugabancin sashe ya koma malamin aji. Na rubuta "The management has demoted his rank", sai ya soke da jan biro ya rubuta "He has been degraded". Wata abokiyar aikina kuma ta ce daidai shi ne depromoted. Wanne ne daidai a cikin ukun? Daga wata mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Barka kadai, Malama. Kada ki ji haushi in na ce babu na ɗauka a ukun, ko da yake taki ce ta fi kusa da daidai. Jimlar da kike nema ita ce: "He has been demoted from Head of Department to class teacher."

Bari mu fara da taki, don na san inda ta samo asali, kuma ɗalibaina da yawa nan suke tuntuɓe. Da Hausa muna cewa "an rage masa muƙami". Duba da kyau, a wannan jimla abin da aka rage shi ne muƙamin, mutumin kuwa "masa" aka yi. Sai hannu ya bi abin da kunne ya saba, a rubuta "demoted his rank". To a Turanci karɓau ɗin demote mutumin ne da kansa. Ana demote ɗin mutum, ba a demote ɗin muƙaminsa, domin ma'anar muƙami tana cikin kalmar tun asali. In kina son kalmar rank ta fito, sai ki canja aikatau: "They reduced his rank", ko "He was reduced in rank". Haka kuma ba a cewa "demoted down", saukowar tana cikin de ɗin nan na farko, ƙara down maimaici ne.

Demote aikatau ce so-karɓau, ba ta tsayawa ita kaɗai. Idan kika rubuta "He demoted last year", mai karatu zai tsaya yana jira: ya rage wa wa? Don jimlar ta mai da shi mai yanke hukunci, ba wanda aka yanke wa ba. Abin da ke gyara ta ƙaramar kalma ce, was: "He was demoted last year." Wannan gini na was ko has been tare da demoted shi ne takwaran "an" ɗinmu na Hausa, wanda muke amfani da shi idan ba mu son ambaton wanda ya yi aikin. Mafi yawan lokutan da za ki ci karo da kalmar a jarida, a wannan siga za ki gan ta. Ƙananan kalmomin da ke raka ta kuwa ba su da wuya: from ga inda aka sauke mutum, to ga inda aka kai shi, for ga dalili, by ga wanda ya yi hukuncin. "She was demoted from manager to supervisor for negligence." "He was demoted by the board." Ana iya barin from, amma mai karatu kusan kullum yana son jin to.

Depromote kuwa, na gane hikimar abokiyar aikinki, ta ɗauki promote ɗungurungum ta sa mata de a goshi. Ana jin ta a bakin masu koyo, amma ba ita ce kalmar daidaitaccen Turanci ba, kuma kada ta shiga takardar ofis.

Sai degraded ɗin shugabanki. Wannan ita ce ta fi haɗari, don kalma ce ta gaske, kuma da a ce shekara ɗari biyu da suka wuce muke, da ya yi daidai. Asalin ma'anar degrade ita ce tuɓe mutum daga darajarsa, musamman soja ko malamin coci. Amma ba a ɓoye ake yi ba, a bainar jama'a ake yi, da nufin a kunyata shi. Misalin da tarihi ya fi riƙewa shi ne na Kyaftin Alfred Dreyfus, hafsan sojan Faransa da aka yi wa ƙagen sayar wa Jamus asirin soja. Ranar 5 ga Janairu, 1895, aka tsayar da shi a farfajiyar makarantar soja ta birnin Paris, sojoji sun yi sahu, jama'a na ihu a bayan shinge. Wani jami'i ya matso ya fizge alamomin muƙamin da ke jikin kakinsa, ya tsittsinke maɓallan, ya zare takobinsa ya karya shi gida biyu a kan gwiwa. Dreyfus na tsaye yana ɗaga murya cewa ba shi da laifi. Sai a 1906 aka wanke shi aka mai da shi aikin soja. Wannan taro shi ake kira degradation.

Da tafiya ta yi tafiya, ma'anar muƙamin ta dusashe, ta wulaƙancin ta zauna. A Turancin yau, in kika ce "He has been degraded", abin da Bature zai ji shi ne an ci mutuncinsa, an wulaƙanta shi. Shi ya sa dokokin kare haƙƙin ɗan Adam ke maganar "degrading treatment", wato mu'amalar ƙasƙanci. Kalmar tana da wata ma'anar kuma ta lalacewa ko ruɓewa, kamar ƙasar noma da ta gaji ko roba da ke narkewa a hankali. Ki duba fa: makaranta ta lilliƙa sanarwa da hannunta tana cewa ta wulaƙanta malaminta. Ki koma wurin shugabanki cikin girmamawa, ki buɗe masa ƙamus a kan kalmomin biyu, ki bar shi ya karanta da idonsa. Na tabbata ba abin da yake nufi ke nan ba.

Tunda mun taɓo soja, su suna da nasu harshen. A takarda "reduction in rank" suke rubutawa. Saje ko kofur da aka cire wa igiyoyinsa duka ya koma farabiti, a Turancin Birtaniya "reduced to the ranks" ake cewa, sojan Amurka kuma a hirarsu sukan ce "busted down to private". Demoted ta dace da su duka, kuma ita ce za ki gani a labarai.

Akwai wata 'yar'uwarsu da wataƙila ita shugabanki yake lalube, downgrade. Ta fi zama da abubuwa da kujeru fiye da mutane. Ana downgrade ɗin kujerar aiki, wato a rage darajar kujerar ko wa ke kanta. Ana yi wa fasinjan jirgi, a tashe shi daga kujerun gaba ya koma na kowa da kowa. Masu hasashen yanayi suna yi wa guguwa idan ƙarfinta ya ragu. A watan Agustan 2011 kamfanin Standard & Poor's ya sauke darajar amincin bashin Amurka daga AAA zuwa AA+, kuma downgrade ita ce kalmar da ta cika jaridu. Saboda haka "his post was downgraded" daidai ne in kujerar aka taɓa. In mutumin aka taɓa, demoted.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai son ƙwallon ƙafa. In ƙungiya ta faɗo daga gasar Firimiya ina jin masu sharhi suna cewa relegated. To amma na karanta wani tsohon labari da aka ce Juventus "were demoted to Serie B". Shin kalmomin ɗaya ne?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗana, kunnenka ya kama abin da mutane da yawa ke wucewa. Sun yi kusa, amma ba ɗaya ba ne.

A ƙwallo, relegate ita ce kalmar gida. Gasar Firimiya ta Ingila tana da ƙungiyoyi 20, kuma uku na ƙarshen teburi a kowace kaka suna faɗawa Championship, wasu uku su hau daga can. Wannan tsari sunansa "promotion and relegation". Babu wanda ke zama ya zaɓi wadda za ta faɗi, maki ne ke yanke hukunci. Haka ta faru da Manchester United a 1974, tun kafin a kafa gasar Firimiya, haka kuma da Leicester City, wadda ta ɗauki kofin a 2016 sannan ta faɗo a 2023. Wuraren nan uku na ƙasan teburi su ake kira relegation zone, inda masu sharhinmu ke cewa ƙungiya tana cikin 'yan dagaji.

Labarin Juventus daban ne. A kakar da ta ƙare a 2006 ita ce ta zo ta ɗaya a teburin Serie A, babbar gasar Italiya. Ba rashin maki ya kai ta ƙasa ba. Badaƙalar da aka yi wa laƙabi da Calciopoli ce, inda aka samu shugabanninta da hannu wajen yin tasiri kan zaɓen alƙalan wasa. Kotun wasanni ta Italiya ta ƙwace mata kofunan 2005 da 2006, ta tura ta Serie B, karon farko a tarihinta, ta kuma dawo a shekarar da ta biyo. Marubucin da ya zaɓi demoted yana so ka ji cewa hukunci ne wasu suka zauna suka yanke. Za ka ga wasu jaridun sun rubuta relegated a kan wannan labarin, ba kuskure ba ne, kuma 'yan jarida kan sa demoted wani lokaci don kawai kada su yi ta maimaita kalma ɗaya. Amma ni in zan rubuta, ƙungiyar da ta faɗi a fili relegated zan ce, wadda aka kayar a teburin shari'a kuma demoted.

Relegate tana da tarihi mai tsawo kafin a san ƙwallo. Daga Latin take, relegare, wato a tura mutum can nesa. A dokar daular Rum akwai wani hukunci mai suna relegatio: a kori mutum daga birni zuwa wani wuri da aka zaɓa masa, amma ba a ƙwace masa dukiya ko 'yancinsa na ɗan ƙasa ba. Shi aka yi wa mawaƙin nan Ovid a shekara ta 8 Miladiyya, lokacin da Sarki Augustus ya tura shi Tomis a gaɓar Baƙin Teku, garin da a yau ake kira Constanța a ƙasar Romaniya. Can ya zauna har ya mutu. Wannan ƙamshi na nesantawa bai bar kalmar ba har yau. In aka ce "He was relegated to a back office", ba lallai an taɓa muƙaminsa a takarda ba, an dai jefa shi lungun da ba mai ganinsa. "The story was relegated to the inside pages", an ture labarin daga shafin farko. Mutum na iya riƙe sunan muƙaminsa da albashinsa cif, amma an daina kiran sa taro, an daina neman shawararsa. Wannan relegated ne ko sidelined, kuma wasu da suka ɗanɗana sun ce ya fi rage muƙamin zafi, don babu takardar da za ka riƙe ka ce ga abin da aka yi mini.

Ka kula da abu ɗaya wajen rubutu: in ba a maganar ƙwallo ba, relegate tana buƙatar to a bayanta. A ƙwallo kaɗai za ka ce "They were relegated" ka yi shiru, kowa ya gane. Nauyin furucinta kuma a gaɓar farko yake, RE-li-geit.

Tambaya: Malam, mutum kaɗai ake yi wa demote, ko har da abin da ba shi da rai? Kuma za a iya faɗar ta ga shugaban ƙasa da aka hamɓarar?

Amsa: Ana yi wa duk abin da ke cikin jerin daraja. Shahararren misali yana sararin samaniya. Tun da aka gano Pluto a 1930 ake lissafa ta a matsayin ta tara cikin duniyoyin da ke kewaya rana. Ranar 24 ga Agusta, 2006, ƙungiyar masana taurari ta duniya, a taronta na birnin Prague, ta amince da sabuwar ma'anar abin da za a kira planet, Pluto ba ta cika sharuɗɗan ba, aka mai da ita rukunin dwarf planet, duniyoyin suka koma takwas. Jaridu suka yi ta rubuta "Pluto demoted". Abin ya yi tashe har wata ƙungiyar masana harshe a Amurka, American Dialect Society, ta zaɓi plutoed a matsayin kalmar shekarar 2006, da ma'anar a rage wa mutum ko wani abu daraja. Ka lura, nan ma taro ne ya zauna ya kaɗa ƙuri'a, shi ya sa demote ta zauna daram.

Shugaban ƙasa ko sarki kuwa, a'a. Demote tana buƙatar wani na sama da zai sauke ka, da kuma kujerar ƙasa da za a zaunar da kai. Wanda aka tuɓe ko aka hamɓarar deposed ne, ko ousted, ko overthrown, sarki kuma har da dethroned. Minista dai ana iya yi masa: in aka yi garambawul aka ɗauke shi daga babbar ma'aikata zuwa ƙarama, jaridu za su ce "demoted in the reshuffle".

Tambaya: Malam, saboda rashin lafiyar mahaifiyata ni da kaina na roƙi a sauke ni daga shugabar sashe in koma ma'aikaciya kamar kowa, don in samu lokacin jinyarta. Yanzu ina neman wani aiki. In aka tambaye ni, in ce "I was demoted"?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, 'yata, ya kuma saka miki da alheri. Kada ki faɗi haka. "I was demoted" tana sa mai sauraro ya ɗauka wani ne ya sauke ki, kuma tunaninsa zai tafi kan laifi ko gazawa, alhali ba ko ɗaya. A littattafan kula da ma'aikata akwai abin da suke kira "voluntary demotion", kuma mai yiwuwa haka aka rubuta a fayil ɗinki, amma wannan harshen fayil ne. Kalmar da ke nuna ke kika zaɓa ita ce step down. Ki ce: "I stepped down as head of the unit to care for my mother." In kina so ki nuna ba ki bar ma'aikatar ba, ki ƙara: "I stayed on as a member of the team." A takardar tarihin aikinki kuma ki jera muƙaman biyu da shekarunsu yadda suka zo, kada ki ɓoye na biyun, sannan ki sa wannan jimla ta farko a wasiƙar da za ki haɗa da ita.